Tarihin Ƙotar Bindiga a Hanyar Gwanja

Duk wanda ya halarci bikin Damba a Yendi, ko jana'izar wani babban sarki a ƙasar Dagwamba ko ta Gwanja, ya ga 'yan bindiga. Sukan fito da rigunansu na saƙi masu layu, su jeru da dogayen bindigogin toka, suna ɗura albarushi suna bugawa sama har hayaƙi ya rufe fili. Ƙarar ce take ɗauke hankalin 'yan kallo. Amma wanda ya matsa kusa ya dubi bindigar da kyau zai ga abu biyu ne aka haɗa, ƙarfe da itace. Ƙarfen shi ne bututun da harsashi yake bi, da kunama, da mazaunin ƙanƙara. Itacen kuwa shi ne ƙota, wadda take riƙe da waɗannan duka, ita ce kuma mai harbi yake kamawa. Takan yi baƙi saboda mai da hayaƙi da gumin hannu. Wata an naɗe ta da fata, wata an buga mata ƙusoshin tagulla, wata kuma an ɗaura mata laya.

Shekaru masu yawa ƙarfen bindiga daga ƙetaren teku yake zuwa, amma itacen da yake zuwa da shi ba ya daɗewa a wannan ƙasa. Masassaƙa da maƙera na gida su ne suka riƙa kankare tsohuwar ƙota suna gyara ta, in ta ƙi gyaruwa su sassaƙa sabuwa. Ta haka bindigar da aka ƙera domin ta yi 'yan shekaru takan kai ga ɗa, har ga jika. Littattafan tarihi ba su cika kula da wannan aikin hannu ba, amma yana da rabo cikin abin da ya sami Salaga da Kete Krachi da Yendi da Bawku, garuruwan arewacin Ghana ta yau waɗanda fataken Hausa suka sani tun dā.

Hanyar goro

Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804 Hausawa suna zuwa Gwanja sayen goro, bayan jihadin kuwa fataucin ya ƙara bunƙasa. Ayari yakan tashi da rani a ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, jakuna suna ɗauke da kanwa da tufafin rini da jemammun fatu. Waɗansu sukan bi ta Bargu su ratsa Nikki da Jugu, waɗansu ta ƙasar Gurma su faɗo Sansanne Mango, daga nan sai Yendi, sa'an nan Salaga. Masu gangarowa daga ƙasar Mosi kuwa ta Bawku da Gambaga suke bi. A 1826 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, mutum wajen dubu, da dabbobin kaya kamar yawansu.

Salaga ita ce kasuwar da arewa take haɗuwa da kudu. Goron daga kurmin Asante yake fitowa. Ban da goro akwai cinikin bayi, wanda ya bar sunayensa da harshen Hausa a garin har wa yau: akwai rijiyoyin da ake kira Wankan Bayi, akwai kuma Rafin Angulu, inda aka ce ana jefa gawar bawan da ya mutu kafin a sayar da shi.

Kaya iri biyu ne ba a barin su su wuce wannan kasuwa zuwa arewa yadda fatake suke so, watau bindiga da albarushi. Hausawa sun san bindiga ta hanyar Sahara, shi ya sa sunayen bindiga da albarushi da harsashi duka daga Larabci suka fito. Amma abin da yake ƙetaro hamada kaɗan ne. Clapperton ɗin nan ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi a ƙasar Gobir a 1826, mayaƙa dubu bisa dubu, bindigoginsu ba su kai hamsin ba. Yaƙin arewa na doki ne da mashi da takobi da baka. Tarin bindigogi yana kudu, a hannun Asante, kuma sun san amfanin riƙe shi.

Ƙarfen da ya zo ta teku

Turawan Fotugal sun gina ganuwarsu ta Elmina a bakin teku a 1482. Daga baya mutanen Holan da Ingila da Danmak suka bi sawu, kowa da nasa wurin ciniki. Daga tsakiyar ƙarni na 17 bindiga ta zama babbar haja a wannan gaɓa. Mutanen Danmak suna zaune a Osu, cikin Ankara, babban birnin Ghana na yau, har suka sayar wa Ingila wurarensu a 1850. Sunansu ya manne wa doguwar bindigar nan mai ƙanƙara a bakin Turawa da mutanen bakin teku, ko da yake yawancinta a birnin Barmingam na Ingila da Liyej na Beljiyam ake ƙera ta. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma kowace shekara.

Kayan ciniki ne masu arha, ba irin waɗanda sojan Turai suke riƙewa ba. Bututun dogo ne, ya fi mita ɗaya, sau da yawa ba a gwada ƙarfinsa yadda ya kamata ba, don haka yakan fashe a hannun mai shi. Ƙotar kuwa da farin itace mai arha ake yin ta, a shafe ta da jan launi ko baƙi domin ta yi kyaun gani a kasuwa.

Da irin wannan bindiga Asante suka kafa mulkinsu. Osei Tutu ya ci Denkyira a 1701, magajinsa Opoku Ware ya kai yaƙi arewa, ya shiga Yendi wajen 1744 zuwa 1745. Cikin waɗannan shekaru Gwanja da Dagwamba suka koma biyan gandu ga Kumasi, babban abin biyan kuwa mutane ne. Waɗansu daga cikin mutanen nan aka kai su bakin teku aka musanya da waɗansu bindigogi, bindigogin kuma suka kawo waɗansu mutane. A 1817 wani jakadan Ingila, Thomas Bowdich, ya ga masu tsaron Sarkin Asante a Kumasi da dogayen bindigogi waɗanda aka ɗaura wa zobban zinariya, aka yi wa ƙotocinsu ado da ƙwanson teku, ya kuma ga sojoji sun rufe mazaunin ƙanƙara da fatar damisa. Wannan ya nuna tun a lokacin ba a barin ƙota yadda ta fito daga jirgi.

A ƙasar Dagwamba aka kafa rundunar 'yan bindiga bisa tsarin Asante, ana kiransu Kambonse. Sarautunsu da kiɗansu sun ɗauko daga na Asante, sun kuma zama ƙafar yaƙin Ya Na, Sarkin Yendi, kusa da mahayan dawakai. Zuriyarsu ce take buga bindiga a bukukuwan yau. Da yake sabuwar bindiga tana da wuyar samu a arewacin kurmi, wadda take hannu tilas a lallaɓa ta. Nan ne masassaƙi da maƙeri suka shigo.

Aikin masassaƙi da maƙeri

Abubuwa da dama suke kashe ƙota a wannan ƙasa. Da damina itace yakan sha danshi ya kumbura, da hunturu busasshiyar iska ta tsotse shi ya tsage. Gara da ƙwari suna jiran wadda aka jingine a bango aka manta. Tokar albarushi tana jawo laima, ta sa ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsar ta ci itacen da yake manne da shi. Ga kuma halin masu harbi na cika albarushi fiye da kima domin ƙara ta yi yawa. In bindiga ta tashi takan yi dukan baya mai ƙarfi, wurin da yake shan wahalar kuwa shi ne wuyan ƙota, siririn wurin nan da yake bayan kunama. A nan yawancin ƙotoci suke karyewa.

In ɓarnar ba ta yi nisa ba, gyara ake yi. Sai a cire bututu da kunama da sauran ƙarafa a ajiye gefe. A kankare tsohon launi da datti da bakin wuƙa ko da fasasshiyar kwalba, ana bin tsawon itacen, ba a gitta shi, gama gittawa tana barin zane. Sa'an nan a goge da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi har jikin ya yi sumul. Bayan haka sai mai. Man kaɗanya shi ne na kusa, a shafa kaɗan a murza da tafin hannu, a ajiye a inuwa itacen ya sha, a sāke shafawa bayan kwanaki. Mai gaggawa da ya labta mai da yawa, ƙotarsa takan yi danƙo ta kwashi ƙura. Ƙananan ramuka akan cike su da kakin zuma ko ƙaro. Wurin da ya tsage kuwa akan naɗe shi da wayar tagulla, ko a jiƙa ɗanyar fata a ɗinke ta a kai. Sa'ad da fatar ta bushe sai ta matse ta riƙe itacen kam kamar an ɗaure da ƙarfe. Tsofaffin bindigogin da suke fadodin sarakuna da gidajen ajiye kayan tarihi suna ɗauke da irin wannan ɗinki.

In kuwa wuyan ya karye sarai, sai sabuwar ƙota. Masassaƙi ba ya ɗaukar itace mai taushi irin rimi. Mai tauri yake nema, kamar kanya ko madobiya ko maɗaci, wanda aka sare tuntuni ya bushe, gama ɗanyen itace yakan murɗe daga baya ya saki ƙarfen da aka ɗora masa. Yakan duba yadda jijiyar itacen ta tafi, domin ta bi ta wuyan ƙota a miƙe. Tsohuwar ƙotar ce ma'auninsa. Ya fara da gatari, ya koma gizago, ya ƙare da wuƙa. Ya fafe doguwar kwarin da bututu zai kwanta ciki, yana gwadawa yana ragewa. Ramin sandan ɗuri kuwa da jan ƙarfen da aka fitar daga wuta ake huda shi. Mafi wuya duka shi ne gurbin mazaunin ƙanƙara. Bindigar toka tana tashi ne in ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da yake waje, wutar ta bi ta wata 'yar ƙofa ta shiga cikin bututu. In gurbin ya kauce ko da faɗin ƙwayar dawa, wuta ba za ta sami ƙofar ba.

Saboda haka aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maƙeri shi yake gyara kunama, ya yi ƙusoshi da zobban da suke ɗaure bututu da ƙota, ya yanke bakin bututun da ya tsage. Baduku ya ɗinka rufin fata domin kāre albarushi daga raɓa. Malam ko boka ya ba da abin da za a ɗaura. Masu sana'a da yawa sun biyo ayarin goro sun zauna a zangunan hanya, har sunan da Dagwamba suke kiran maƙeri da wanzami da shi ya yi kama da na Hausa ƙwarai. Masassaƙin da yake yin ƙotar bindiga kuwa shi ne dai mai yin turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya.

Sakamakon wannan aiki shi ne, bindigar da ta shigo ƙasa ba ta saurin mutuwa. Sababbi suna zuwa, tsofaffi ba su ƙare ba. Amma akwai abin da gizago ba ya iya sassaƙawa. Ana yin albarushi na gida a waɗansu wurare, duk da haka mai ƙarfi daga bakin teku yake zuwa, haka kuma ƙanƙara mai kyau. Wanda ya riƙe hanyar albarushi ya riƙe yaƙi.

Sa'ad da hanya ta buɗe

A farkon 1874 sojojin Ingila a ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya kai arewa, Gwanja da Dagwamba suka daina biyan gandu, aka kashe Asante da yawa da suke zaune a Salaga. Asante suka karkatar da goronsu zuwa waɗansu kasuwanni, kamar Kintampo, kasuwar Salaga ta fara ja da baya.

Wanda ya ci ribar wannan sauyi shi ne garin Krachi a bakin Kogin Bolta. A can akwai tsafin Dente, wanda ake jin tsoronsa a ƙasashe da yawa, mai kula da shi kuwa ya zama shugaban garuruwan da suka ƙi Asante. Jiragen kwale-kwale suna hawowa daga Ada ta bakin teku da gishiri da kayan Turai, a Krachi ake sauke su saboda duwatsun da suke cikin kogin. Cikin kayan nan akwai bindiga da albarushi, ba kuwa Asante a tsakani da za su hana. Kusa da garin fatake Musulmi suka kafa zangonsu, Kete. Daga sunayen biyu aka sami Kete Krachi.

Shekarun da suka biyo baya sun zama na wuta. Mayaƙan Zabarma, waɗanda suka zo Dagwamba da cinikin dawakai wajen shekarun 1860, suka koma kai hari ƙasar Gurunsi a ƙarƙashin Alfa Hano, da Gazari, sa'an nan Babatu. Suna kama mutane suna musanya su da dawakai da bindigogi da albarushi. A Salaga kuma rikicin gādon sarautar Kpembe ya ɓarke. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa ya zo da taimakon Dagwamba da Nanumba ya kori Kpembewura Napo, aka washe Salaga. Fatake da malamai suka watse, da yawa suka nufi Kete.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ga wannan zamani shi ne Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858. Ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi a 1896, ya zama limaminta, a can ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Turawa, inda ya jera garuruwan da suka faɗa hannunsu. Ya kuma rubuta wa Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete Krachi, bayani mai yawa da ajami a kan ƙasar Hausa da kasuwancinta da sana'o'inta.

Ranar Adibo

A 1888 Ingila da Jamus suka yarda su bar yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba a tsakaninsu, amma kowannensu yana haƙon sa. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Birasels, wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin ciniki. An ce domin a kashe cinikin bayi ne. Ta kuma tabbatar da cewa bindigar da take hannun Bature ta fi wadda take hannun ɗan ƙasa.

A 1894 Jamusawa suka kafa bariki a Kete Krachi. Fataken Kete suna da ƙara a kan mai kula da Dente saboda yadda yake matsa musu, Jamusawa kuwa suna son kogin. Kafin shekarar ta ƙare suka kama shi suka harbe shi. Daga barikin nan ne, a Nuwamba 1896, wata runduna ta tashi zuwa Sansanne Mango, Valentin von Massow yana shugabancin sojanta. Sojojin ba su kai ɗari ba, sauran 'yan dako ne. Suka ƙone Bimbila a hanya. Ya Na Andani ya hana su wucewa ta ƙasarsa, sai aka haɗu a Adibo, kudu da Yendi kaɗan, ran 4 ga Disamba 1896.

Dagwamba sun fito dubbai, da Kambonse da 'yan baka da mahaya. Bindigoginsu gyararru ne, shafaffu, an ɗaura musu duk abin da ake ɗaurawa. Amma bindigar toka sai an tsaya an zuba albarushi ta baki, an sa harsashi, an danna da sanda, kafin a buga sau ɗaya, ba ta kuwa cin nisa. Sojan Jamus suna riƙe da Mauser, wadda ake sa wa harsashi ta baya, tana bugawa sau da yawa cikin minti ɗaya, tana samun mutum tun yana nesa da inda tasa za ta kai. Kafin rana ta faɗi ɗaruruwan Dagwamba sun kwanta, har da shugaban Kambonse. Bayan haka aka ƙone Yendi. Gwanintar masassaƙi ta tsawaita ran tsohuwar bindiga shekara ɗari da hamsin, amma ba ta iya mai da ita sabuwa ba.

Abin lura shi ne, masu riƙe da sababbin bindigogin yawancinsu baƙaƙen fata ne. Ingila da Jamus duka sun ɗauki Hausawa da masu jin Hausa aikin soja, har Turawan Ingila sun aiko jami'ansu Salaga neman kurata cikin shekarun 1880. Babatu ma, bayan an ci shi da yaƙi a 1897, Yendi ya koma ya zauna, a can ya mutu a 1907, kabarinsa yana nan.

Ƙarƙashin dokar Turawa

A 1899 aka raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta zama cikin Togo ta Jamus kamar Kete Krachi. A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta karɓe su. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1956 suka shiga Ghana, wadda ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957.

Cikin waɗannan shekaru bindigar toka ta sauya aiki. Gwamnati ta bar ta a hannun talakawa da lasisi, gama ba ta jin tsoronta. Ta zama ta maharbi, da ta manomi mai korar birai daga gona, da ta biki da jana'iza. Waɗansu aka juya su daga ƙanƙara zuwa 'yar hular tagulla mai tashi da duka. Sa'ad da motoci suka yi yawa, maƙera suka gane sandan sitiyari da bututun ruwa suna iya zama bututun bindiga. A nan ne bindigar ta zama ta gida gaba ɗaya, ƙarfe da itace. Dokar Ghana ta 1962 ta hana ƙera makamai ba da izini ba, sana'ar ta koma ɓoye, amma ba ta mutu ba.

Tsohuwar Kete Krachi kuwa ruwa ya ci ta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, Tafkin Bolta ya cika ya rufe garuruwa da yawa, aka tashi mutane wajen 80,000 zuwa sababbin matsugunai. Garin da yake ɗauke da sunan yanzu sabo ne, a kan tudu, cikin Yankin Oti.

Abin da ya rage

Kada mai karatu ya ɗauka zancen bindiga a waɗannan garuruwa ya ƙare a wasan biki. A 1994 faɗan da ya fara a wata kasuwa kusa da Bimbila, wanda aka yi wa laƙabi da yaƙin zabo, ya bazu tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja. An kashe mutum aƙalla 2,000, fiye da 100,000 suka rasa gidajensu, sai a 1996 aka yi sulhu a Kumasi. A Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa ta Yendi, tare da mutanensa da dama, cikin rikicin gidan Abudu da gidan Andani. Kujerar ta jira har Janairu 2019 kafin a naɗa Ya Na Abukari na Biyu. Shugaban kwamitin sarakunan da suka sasanta kuwa shi ne Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, magajin waɗanda suka kawo bindiga Yendi da fari. A Bawku, gardamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wadda ta samo asali tun 1957, ta sha ɓarkewa, ta sāke tashi a ƙarshen 2021, ta ci rayuka, ta gurgunta kasuwar da fatake suka daɗe suna yada zango a cikinta.

A waɗannan faɗace-faɗace an yi amfani da bindigogin maƙeran gida, an kuma yi amfani da na soja irin su AK-47, waɗanda ake shigowa da su a ɓoye. A 2007 Ghana ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai bisa doka domin wannan matsala. Bindigar zamani ba ta bukatar masassaƙi. Ta dā kuwa sai ta bi ta hannu da yawa kafin ta tashi, kowa a gari ya san wanda ya gyara ta da wanda yake riƙe da ita. Wannan bai sa ta zama marar laifi ba, gama da ita aka cika kasuwar Salaga da bayi. Amma ya sa ana iya tambayar mutum abin da ya yi da ita.

Yawancin jinin da aka zubar a Yendi da Bawku da Salaga, tun daga 1892 har zuwa wannan zamani, a kan kujerar sarauta aka zubar da shi. Fataken da suka bi hanyar nan da jakunansu suna da karin magana da ya dace da wurin: zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Tsohuwar bindigar da ake fitowa da ita ran Damba, a goge mata ƙota da man kaɗanya, a buga ta sama ba harsashi, a mai da ita ɗaki, ta sami aikin da ya fi duk waɗanda ta yi a dā. Masassaƙin da ya gyara ta kuma yana da ƙotocin fartanya da suke jiransa kafin ruwa ya sauka.